Wayar Ƙasa a Jirgin Yaya

Ni ban taɓa son jirgin ruwan nan ba, gara in faɗa tun da fari. Ranar da aka sauke shi daga tarago a tashar Nguru ina wurin. Na zagaya shi, na ƙwanƙwasa katakonsa, na ce wa Yayana ya sayi wahala da kuɗinsa. Ya yi dariya, ya ce ni dama ba a taɓa nuna mini abu na yaba ba. Wani Bature mai sayen gyaɗa ne zai koma ƙasarsu ya sayar masa da shi, shi kuwa Yaya sai da ya rabu da motarsa ta lodi, wadda ita ce gonarsa ita ce rumbunsa, sannan ya iya saye. Nufinsa ya kai shi Gashuwa ya riƙa fito da 'yan kasuwa idan kogi ya kawo, don a lokacin babu gada. Shekarun nan ne na bayan an dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu.

Sana'ata gyaran wutar mota, abin da yaran yanzu ke ce wa riwaya. Rumfata tana bayan tasha, inda motocin gyaɗa da na banda ke kwana. Yaya kuwa ya daɗe da komawa Gashuwa, ya auri 'yar wani dattijon masunci daga cikin mutanen Bade, ya zama ɗan gari. Mu biyu kaɗai muka rage wa mahaifiyarmu, kuma ko ba ka son jirgi, idan ɗan'uwanka ya zuba duk abin da ya mallaka a cikinsa, shi da kansa kuma zai riƙa wuni a ciki zaune kusa da tankin fetur, to ba ka barin wani ya yi masa waya. Na kulle rumfa, na bi motar da ta ɗauki jirgin ta Jajimaji.

Injin lafiyarsa ƙalau. Allon agogunan da ke gaban sitiyari ne ya zama kufai. Wayoyin lokacin da zare ake naɗe su, ɓeraye kuma sun riga ni aiki a kansu. Akwai makulli, da agogon caji, da na mai, da na fetur, da madannin oda, da makunnin fitila, amma ba wanda ke magana da ɗan'uwansa. Na tsige komai na fara sabo, jirgin yana girke kan gumagumai a bakin mashigi.

A mota aikin da sauƙi. Waya ɗaya ke kai wuta ga fitila, idan ta gama aikinta sai ta bi ƙarfen jikin mota ta koma batir. Jirgi kuwa katako ne, wuta ba ta bin katako, saboda haka kowane abu sai ka yi masa hanyar zuwa ka yi masa hanyar komawa. Hanyar komawar nan ita muke ce wa wayar ƙasa. Na tattara na allon duka a kan wani siririn ƙarfe a bayansa, na ja waya mai kauri daga nan zuwa cikin jirgi. A ƙarƙashin jirgin, ta waje, maƙeransa sun maƙala wani farantin jan ƙarfe, an ɗaure shi da ƙusa mai noti wadda ta huda katako ta ɓullo ciki. Amfaninsa ya sauke tsawa a ruwa idan ta faɗo, ya kuma hana tartsatsi taruwa a jikin tanki. A kan ƙusar nan na haɗa wayar allo, da ta tanki, da wadda za ta wuce zuwa inji. Noti na ƙasa ya riƙe faranti, na sama ya danne wayoyi.

Farantin ya yi kore shar saboda daɗewa. Na kwance shi, na goge da tsamiya da yashi har ya yi ja. Mu kuma masu wannan aiki muna da wata ɗabi'a: ba ma yarda akwai wuta sai mun ƙyasta mun gani da ido. Na ɗauko waya daga batir na goga a jikin farantin, tartsatsi ya yi fat-fat, na ce madalla. Ban ɗaga kai na duba su wa ke tsaye ba, ashe rabin mashigin na kallo. Masu fito, masu su da gorunansu a kafaɗa, mata masu wanki, kowa ya ga wuta ta fito daga faranti, kowa kuma ya ga na mayar da shi ƙarƙashin jirgi na ɗaure. Ba wanda ya ce mini uffan. Aka tura jirgi ruwa, inji ya tashi, allurai suka miƙe, oda ta tsorata awakin da ke shan ruwa. Na koma Nguru ina jin kaina.

Ba daga bakin Yaya na ji labarin ba, wannan ne ma ya fara sa ni tunani. Wani direba ne mai bakin tsiya ya shigo rumfata, a gaban mutane ya ce ya shiga jirgin yayana, kuma ya yaba aikina ƙwarai: odar tana kuka kamar tunkiya mai mura, in an danna ta kuma allurar fetur sai ta faɗi ƙasa ta yi sujada. Aka kwashe da dariya. Ni kuwa a taɓa mini komai ban da aikin hannuna. Washegari na hau mota ba wanda ya kira ni.

Na sami jirgin a ɗaure, na ɗaga katakon da ake takawa, na leƙa. Notin sama babu shi. Wayoyin nan an zare su ɗaya bayan ɗaya, an cusa kowacce a ƙarƙashin haƙarƙarin jirgi nesa da 'yar'uwarta. Notin ƙasa kuwa, wanda in an taɓa shi ruwa zai shigo, ba a ko shafa shi ba. Na daɗe a tsugune. Ɓarawo ba ya wannan ladabi. Da ɓarawo ne, da wayar ya yanke ya kai wa maƙeri a yi munduwa. Wannan mutum ne mai sifana, mai natsuwa, wanda ba ya son jirgi ya nutse amma yana son wani abu daban.

Da na nuna wa Yaya sai ya ce ƙila girgizar inji ce. Na ce wace irin girgiza ce mai hankali haka, ta kwance noti ta tafi da shi, ta dawo ta jera wayoyi? Ya ce Allah dai ya kyauta. Na kama hannunsa na ɗora a kan siririn bututun jan ƙarfen da ke kawo mai daga inji zuwa agogo, na yi masa bayani dalla-dalla. Wuta idan ka toshe mata hanyar komawa ba haƙura take yi ba, wata take nema, kuma wannan bututu kaɗai ne ƙarfen da ya haɗa allo da inji. Ba a yi shi don ɗaukar wuta ba. Duk sanda aka danna oda zafi zai yi, ga shi kuma ya ratsa ta gefen tanki, inda warin fetur ba ya rabuwa. Na ce masa wanda ya yi wannan aiki, ko ya sani ko bai sani ba, so yake ya ƙone shi a tsakiyar kogi. Mu biyu ne kaɗai a jirgin. Ya tsura wa ruwa ido, na ɗauka tsoro ne ya kama shi.

Na sa sabon noti, na ɗaure har sifana ta yi ƙara, na ɗiga masa jan fenti yadda ko an taɓa zan sani. Sannan na fita farauta.

Masu fito na fara zarga, don su jirgin ya tare wa abinci. Na same su a inuwar wata tsamiya suna gyaran kwalekwale, na yi sallama a taƙaice, na ce ina cigiyar noti. Babbansu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce su da sanda da filafili suka gaji sana'a, ko sifana aka ba su kyauta ba su san ta ina ake kamawa ba. Ya ƙara da cewa in sun tashi faɗa da jirgi, da rana za su yi. Na tafi ban yarda da shi ba. Wani daga cikinsu ya yi murmushi lokacin da na juya, murmushin nan ya bi ni har cikin gari.

Daga nan na zargi mai gadin mashigi, wani gurgu mai yawan gaisuwa. Na zargi matar Yaya, Allah ya yafe mata, don na ga a ɗakinta ake ajiye akwatin kayan aiki, kuma tunda na zo take kauce wa idona. Tuwon da ta kawo mini ma sai da na juya shi. Har bulaman unguwa na zarga, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai na ga ya tsaya da surukin Yaya suna magana ƙasa-ƙasa. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Surukin nan shi ne na ƙarshe, shi ne kuma na fi jin nauyi. Dattijo ne da ba a buɗe kamun kifi a gurbin kogi sai da izininsa. Akwai wani gurbi mai zurfi kusa da mashigi da suke hana kowa taɓawa, ko ƙugiya ba a jefawa, har sai ranar da aka sa, gari duka ya fito da gora da koma a shiga tare. Abincin shekarar gidaje da yawa yana cikin gurbin nan, jirgin Yaya kuwa ta kansa yake wucewa safe da yamma. Na sami dattijon a zaure yana ɗinkin koma. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Bai bari na kai ga noti ba, shi ya fara. Ya ce su ba baƙin wutar ruwa ba ne, sun san minjirya, kifin nan mai wuta a jiki, tun suna yara, ya nuna mini hannunsa ya ce ta taɓa kashe masa shi wuni guda, kuma duk ramin da ta zauna sauran kifi kaura suke yi. Sannan ya ajiye allurar ɗinkin ya dube ni.

"Ɗana, wutar da ka sa a farantin nan, idan ta shiga ruwa, ina take zuwa?"

Na ce Baba ba ta shiga ruwa, zagayawa take yi ta koma batir.

"To in ba ta shiga, don me ka sa shi a cikin ruwan?"

Na kawo zancen tsawa, na kawo na tartsatsi, ina ji da kunnena maganar tana ƙara tsawo tana rage nauyi. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya yi albarka, ya sa aka ƙunso mini banda. Na fito na tabbata a raina shi ne, ko dai ya sa wani. Abin da ya rage mini shi ne hannun da ya riƙe sifana.

Na yi wa Yaya sallama na ce zan koma Nguru. Ya raka ni tasha, har ya riƙe mini jaka, abin da bai saba yi ba. Mota na fita gari na ce a sauke ni, na zagaya ta gonaki na sauka gidan wani maƙeri abokina, na kwanta a maƙerarsa har ranar kasuwa ta zo. Da hantsi na biya wani mai kwalekwale ya ƙetare da ni can sama da mashigi, na gangaro da ƙafa na shiga cikin 'yan kasuwar da ke jiran jirgi a wancan ƙetaren. Mutanen wajen Dapchi ne yawancinsu, mata da ƙoren nono da man shanu, tsofaffi da kaji, wani da bunsuru a ɗaure. Sai da jirgi ya cika maƙil, ana shirin kwance igiya, sannan na taka na shiga.

Yaya ya gan ni. Na san fuskarsa tun ina goye, ban taɓa ganinta haka ba. Ya ce a'a, ashe ban tafi ba. Na ce mota ce ta lalace. Bai tambaye ni a ina ba. Ya tayar da inji muka kama hanya, yana ta kallon gaba kamar yau ya fara ganin kogin.

Mun kusa tsakiya wasu kwalekwale suka gitta, dole ya danna oda. Ta yi wannan kukan na mura. Allurar fetur ta faɗi. Ya sake dannawa, ya daɗe a kai, don masu fiton da gangan suke jan jiki. Sai hancina ya ɗauko wani wari, ba na fetur ba, na tsumma mai ƙuna. Na ture ƙoren wata mata, ta zage ni da Fulatanci, na ɗaga katako. Jan fentina ya tsage, noti babu, wayoyi an jera su kamar wancan karo. Amma yanzu akwai ƙari. An naɗe bututun man nan da tsumma tun daga allo har gefen tanki, an jiƙa shi da ruwa, zafi ya busar da shi, wajen mahaɗa har ya yi baƙi yana fitar da siririn hayaƙi.

Na ce wa Yaya ya ɗauke hannunsa daga oda, kada kuma ya kashe inji, don ruwa zai tafi da mu. Na fizge tsumman na jefa a kogi, ya ƙone mini yatsu. Na kamfato ruwa da ƙoƙon wani tsoho na kwara wa bututun, ya yi cuu. Matan suka fara salati. Na tattaro wayoyin na zura su a kan ƙusa na danne da babban yatsa, ɗaya hannun yana laluben aljihuna, ga sifana, ga filaya, ga dalma, babu noti ko ɗaya. Ina cikin lalube tunanin tsumman ya faɗo mini. Mutum ɗaya ne a duniya na gaya wa cewa bututun nan zai yi zafi.

Na ɗaga kai. Yaya bai dube ni ba. Hannunsa na hagu na kan sitiyari, na dama ya shiga aljihun taguwarsa ya fito, ya miƙo mini ta baya.

"Ungo."

Notina ne, da sauran jan fenti a jikinsa. Na karɓa na ɗaure. Allura ta miƙe. Muka kai gaɓa lafiya.

Sai da kowa ya sauka, mai bunsuru ma ya ja abinsa, sannan Yaya ya buɗe baki. Ya ce tun daren da aka sa jirgi a ruwa surukinsa da dattawan masunta suka kira shi, suka ce ko dai a raba wayar da farantin, ko jirgi ya bar mashigin. Ya yi musu rantsuwa cewa muddin jirgi na kan ruwa, waya ba za ta taɓa ƙusar ba. Ni kuma ya san halina, in ya gaya mini zan tafi in yi wa dattawa ihu in ɓata masa zama da mutane. Ya ga gara ya ce wa kowa to. Na tambaye shi, da na ce masa zai ƙone fa? Ya ce ai shi ya sa yake jiƙa tsumma kafin kowane fito, yau ne kasuwa ta ɗauke masa hankali.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ko ihu ba ka iya yi. Na tuna masu fito da na tsaya a kansu, da gurgun nan, da matarsa da na juya wa tuwo, duk yana tsaye yana kallo. Na ce, "Yaya, da ka faɗa mini, aikin wuni ɗaya ne. Wuni ɗaya." Don gaskiya ce. Ana iya kai wayoyin duka jikin inji kai tsaye, a bar faranti, illa dai jirgi ya rasa kariyar tsawa.

Washegari na sa 'yan dako suka jawo jirgin kan tudu a wata kwana bayan ciyawa. Na ce ba na son ganin kowa, har shi mai jirgin, don in na gan shi zan faɗi abin da ba a faɗa wa yaya. Na cire farantin, na sassaƙa turken ƙirya na toshe hudar, na shafe da kwalta ciki da waje. Na ja wayar allo da ta tanki har jikin inji, na kankare ƙarfe ya yi fari, na ɗaure, na zuba dalma a bakin kowace waya. Ban taɓa yin aiki mai tsabtar wannan ba, cikin fushi na yi shi. Da la'asar aka mayar da jirgi ruwa, na tuƙa shi da kaina zuwa mashigi.

Dattijon yana nan zaune a kan buzu, da mutanensa. Na sauka na durƙusa, na ajiye masa farantin a gabansa da ƙusarsa da notinsa. Na ce daga yau babu ƙarfen waya ko ɗaya da ke taɓa ruwa, kuma a gaya wa mai jirgi kada ya fita in hadari ya haɗu. Dattijon ya ɗauka, ya juya, ya shinshina. Ya ce shi ke nan, magana ta ƙare, Allah ya yi mini albarka, ya kuma ba ni haƙuri kan wahalar da na sha. Mutanensa suka amsa da amin. Har zuciyata ta fara sauka.

Yaya ne ya matso, ya dubi farantin, ya dube ni.

"Shi kaɗai ne a ƙasan?"

Na ce shi kaɗai ne.

"Ba ka bar wata 'yar waya ba? Ko siririya?"

Na ce wallahi babu, Yaya.

Ya gyaɗa kai. Dattijon ya riga ya miƙe ana naɗe masa buzu, ba wanda ya nemi ƙarin shaida. Yaya ya cire hula, ya tuɓe taguwa ya ɗora a kan turken igiya, ya shiga ruwa. Ya nutsa ta goshin jirgi. Ina jin tafin hannunsa yana bin katako daga ƙasa, yana shafawa a hankali. Ya ɓullo ya sha iska, ya koma. Haka ya bi jirgin nan tun daga gaba har farfela, ya juyo ta ɗaya gefen, ni ina tsaye a gaɓa da kwalta a hannu, mutane suna kallonsa suna satar kallona.

Kafin ya gama gefe na biyu na tattara kayan aikina a jaka. Akwai motar banda da ke shirin tashi zuwa Nguru, na hau bayanta na zauna a kan kwando.